Sitiyarin da ake cirewa: abin da ya kamata a sani kafin a saka wa mota kwik-rilis

Duk mai bibiyar bidiyon motoci a TikTok ko Instagram ya taɓa cin karo da irin wannan: direba ya faka mota, ya ja wani zobe da ke bayan sitiyari, sai ga sitiyarin a hannunsa kamar faifai, ya fito da shi yana taƙama. In zai mayar, ya danna shi sau ɗaya, a ji ƙas, ya zauna daram. Ɗan ƙarfen da ke wannan aiki shi ne masu harkar motocin gudu ke kira kwik-rilis, wato makullin cire sitiyari cikin gaggawa.

Abin yana burge matasa, kuma samunsa ba ya wuya yanzu. Da waya a hannu mutum zai yi odarsa daga shagon intanet, mai launin ja ko shuɗi ko ruwan gwal. Sai dai wannan kaya ya bambanta da fitilar ado ko sitika. Shi ne kaɗai abin da ke haɗa hannun direba da tayoyin gaba. Birki yana da layi biyu, in ɗaya ya fashe ɗayan zai ɗan riƙe mota. Sitiyari ba shi da mataimaki. Shi ya sa zaɓen kwik-rilis ke farawa da tambaya ɗaya tun kafin a zo maganar launi ko sunan kamfani: a ina za a riƙa tuƙa motar?

Daga filin tsere ya fito

An ƙirƙiri kwik-rilis ne domin direba ya tsira da ransa. Motar tsere tana da kejin ƙarfe a ciki, da kujera mai zurfi da ke rungume jiki, da bel mai madauri biyar ko shida. Wurin zama ya matse, ta yadda in wuta ta tashi ko mota ta kife, sitiyari ne ke tare hanyar fita. A gasar Formula 1, dokar hukumar FIA ta daɗe tana cewa dole direba ya iya cire sitiyari ya fice cikin daƙiƙa 5, ya kuma mayar da shi kafin daƙiƙa 10 su cika. A shekarar 2018, da aka kawo ƙarfen kare kai mai suna Halo, aka mayar da lokacin daƙiƙa 7 da 12.

Hatta launin zoben yana da dalili. A ƙa'idojin FIA na motocin gasa, zoben da ake ja ya zama ruwan ɗorawa, ya kasance a bayan sitiyari, kuma a buɗe shi ta hanyar jawo shi. Manufar ita ce duk ma'aikacin ceto da ya iso, ko bai taɓa ganin motar ba, ya san inda zai kai hannu ko da direba ya suma.

Amfani na biyu shi ne hana sata. Masu kallon Mista Bin za su tuna yadda yake cire sitiyarin ƙaramar motarsa ya tafi da shi. Na uku kuwa sauya sitiyari: ƙarami don tsere, mai zurfi don wasan zamiya da ake kira dirif.

Abu uku ne, ba ɗaya ba

Masu saye da yawa suna zaton kwik-rilis kaɗai za su saya su ɗaura. A gaskiya abubuwa uku ne ke jere a kan sandar sitiyari.

Na farko shi ne mazauni, wanda 'yan kasuwa ke kira hob ko bos-kit. Shi ke shiga bakin sandar sitiyari a ɗaure shi da babban noti. Bakin sandar yana da ƙananan haƙora, kuma yawansu da kaurin sandar sun bambanta daga mota zuwa mota. Hob ɗin BMW ba zai shiga Honda ba, kuma ko a kamfani ɗaya ana samun bambanci tsakanin shekaru. Hob ɗin da sai an buga da guduma zai shiga, ko wanda ya shiga yana lako-lako, ba na motar ba ne.

Na biyu shi ne kwik-rilis ɗin kansa, wanda ya rabu gida biyu: rabi a jikin hob, rabi a jikin sitiyari.

Na uku shi ne sitiyarin, domin na asali da ya zo da mota ba ya hawa kan kwik-rilis.

Abin da ke haɗa ukun shi ne tsarin ramukan sukuru. Wanda ya fi yaɗuwa shi ne ramuka 6 a kan da'ira mai faɗin milimita 70, wanda Momo da Sparco da OMP ke amfani da shi. Nardi da Personal kuwa ramuka 6 ne a kan milimita 74. Bambancin milimita 4 ne kacal, ido ba zai gane ba a hoto, amma sukuru ba za su shiga ba. Kwik-rilis da yawa suna zuwa da tsarin biyu a jiki, wasu kuma ɗaya kawai. Akwai kuma masu ramuka 3 da ake gani a ƙananan motocin tsere. Faɗaɗa rami da dirila don a tilasta masa shiga yana raunana ƙarfen a daidai inda ya fi ɗaukar nauyi.

Jakar iska ce farashin gaske

Babban abin da mai mota zai rasa ba kuɗi ba ne. Sitiyarin tsere ba shi da jakar iska, wadda aka fi sani da eyabag. Duk wanda ya saka kwik-rilis a motar zamani ya cire ta ke nan.

Tun daga motocin shekarar 1998 dokar Amurka ta wajabta jakar iska a gaban direba da fasinja, kuma motocin tokumbo da yawa da ke yawo a titunan Najeriya daga can suka fito. Hukumar NHTSA mai kula da lafiyar hanyoyin Amurka ta ƙiyasta cewa jakunkunan iska na gaba sun ceci rayuka fiye da 50,000 tsakanin 1987 da 2017, kuma suna rage mutuwar direbobi a karon gaba-da-gaba da kashi 29 cikin 100.

Akwai wani abu da ba kowa ya sani ba. Bel ɗin motar zamani da jakar iska tare aka tsara su. A lokacin karo, bel yana fara ɗamewa, daga nan ya ɗan saki kaɗan don kada ya karya haƙarƙari, saboda an san jakar iska na nan za ta tare ƙirji da fuska. In an cire jakar aka bar bel ɗin, jiki zai tafi gaba kamar yadda aka tsara, sai dai abin da zai tarar shi ne ƙarfe da kawunan sukuru, kuma ƙarfen ya matso kusa fiye da da.

Direban tsere ba ya buƙatar jakar iska ne saboda yana da abin da ya maye gurbinta: bel mai madauri shida da ke manne shi da kujera, hular kwano, kejin ƙarfe, da na'urar HANS mai riƙe kai da wuya, wadda ta zama dole a Formula 1 tun 2003. Wanda ya ɗauki sitiyarin tsere kaɗai ya bar sauran, ya fita daga kariyar motar gida kuma bai shiga ta motar tsere ba.

Wasu ƙasashe sun sa doka a kai. A Birtaniya, motar da ta zo da jakar iska daga kamfani aka cire mata ba za ta ci gwajin shekara-shekara na MOT ba. A Amurka, dokar tarayya ta hana garejin gyara da dillalai kashe kayan kariyar da mota ta zo da su. Shi ya sa kamfanoni da yawa ke rubuta a kwalin cewa kayan na filin tsere ne kawai.

Sitiyarin yau ɓangaren kwamfuta ne

A tsohuwar mota irin BMW E30 ta shekarun 1980, wadda yawancinta ba ta da jakar iska, abin da ke bi ta sitiyari bai wuce wayar hon ba. A mota irin Toyota 86 da ta fito a 2012, labarin ya sauya. A bayan sitiyari akwai wata siririyar waya mai faɗi da aka naɗe kamar tef, makanikai na ce mata kulok-sifirin. Ita ke kai wuta ga jakar iska da hon da maɓallan rediyo yayin da sitiyari ke juyawa. Iyakar juyinta kusan zagaye 5 ne daga ƙarshe zuwa ƙarshe. In aka murza ta fiye da haka lokacin da sitiyari ba ya kai, sai ta tsinke.

A motoci da yawa, a wannan wuri ne kuma sensar da ke auna kwanar sitiyari take. Ita ke gaya wa kwamfutar mota inda direba ya nufa, domin tsarin hana zamewa, wanda ake kira ESC ko VSC ko DSC gwargwadon kamfani, ya san tayar da zai kama wa birki. Hob ɗin da bai dace ba zai iya barin sensar ba ta juyawa, sai tsarin ya mutu ko ya riƙa karanta ƙarya. Hob mai kyau yana kuma da ɗan harshen da ke kashe sigina bayan an sha kwana.

Da zarar an zare jakar iska, fitilar SRS za ta kama a dashbod. Masu sayarwa kan haɗo da ɗan rizisto mai om 2 zuwa 3 da ake soka wa a soket. Aikinsa yaudarar kwamfuta ne ta ɗauka jakar tana nan. Yana kashe fitila, yana barin kwamfuta ta ci gaba da lura da sauran jakunkunan, amma bai dawo wa direba da komai ba. Haɗarinsa na biyu yana kan wanda zai sayi motar nan gaba ko ya are ta, domin dashbod ba zai gaya masa komai ba.

Ire-iren makulli

Mai ƙwallaye shi ne ya fi yawa a motocin titi. Ƙananan ƙwallayen ƙarfe irin na boris suna faɗawa cikin ramuka, zobe mai sifirin ya danne su. Rapfix na kamfanin Works Bell da ke Japan da kayan NRG na Amurka su ne fitattu a nan. An jera ƙwallayen ta yadda sitiyari ba zai kulle ba sai a miƙe, kuma galibi suna da fil biyu na hon. Wasu suna da ƙarin maɓallin tsaro da sai an danna kafin zobe ya motsa.

Mai haƙora shi ne na motocin gasa. Sanda mai haƙora tana shiga rami mai haƙora, nauyin juyi ya rarrabu a kan haƙoran duka. Krontec na Jamus da Lifeline na Birtaniya da Sparco da OMP na Italiya suna yin irinsa. Masu kyau suna da haƙori ɗaya da ya bambanta don kada a mayar da sitiyari a karkace. Wasu suna da soket mai fil da yawa a tsakiya don maɓallai da allon sitiyari.

Mai kusurwa shida ya fi araha da sauƙi, ana yawan ganinsa a motocin tseren ƙasa a Amurka. Yana saurin yin wasa, kuma yana iya shiga ta fuska shida, biyar daga ciki a karkace.

Akwai kuma bambancin ɗauri. Wani da sukuru ake ɗaura shi a kan hob, wani kuma walda ake yi masa kai tsaye a kan sandar sitiyari. Na walda aikin masu haɗa motar tsere ne, ba a kai shi wurin mai waldar ƙofa da taga.

Tazara da wasa

Kwik-rilis na yau da kullum yana da kauri kusan milimita 60. In aka ɗora shi a kan hob mai cikakken tsawo, sitiyari zai matso ƙirjin direba da wannan adadi. In kuma sitiyarin mai zurfi ne irin na dirif, wanda zurfinsa kan kai milimita 90, an samu santimita 15 ke nan ban da tsawon hob. Sandar sigina da ta waifa za su yi wa yatsu nisa. Maganin wannan shi ne gajeren hob, wanda domin kwik-rilis aka yi shi. Gwajin zama mai sauƙi ne: kafaɗa a jingine da kujera, a miƙa hannu, wuyan hannu ya sauka a saman sitiyari. In aka riƙe gefe da gefe, gwiwar hannu ta ɗan lanƙwasa.

Girman sitiyari ma yana da tasiri. Wanda ya sauko daga milimita 380 zuwa 330 zai buƙaci ƙarin ƙarfi kusan kashi 15 cikin 100 wajen juyawa, kuma bakin sitiyarin na iya rufe agogon gudu.

Sai maganar wasa, wato ɗan motsin da sitiyari ke yi kafin tayoyi su amsa. Lissafin a bayyane yake: a sitiyari mai faɗin milimita 350, wasan digiri 1 a cikin makulli yana zama kusan milimita 3 a hannun direba. Wasan ba ya raguwa da kansa. Kowane rami da aka faɗa yana ƙara cin ƙarfen, ƙurar hunturu kuma in ta haɗu da giris tana zama kamar sanfefa a tsakanin ƙwallaye.

Jabu ya cika kasuwa

Momo da Nardi da Works Bell da NRG duk suna fama da masu kwaikwayon kayansu, har da tambari da kwali. A hoto ba a bambancewa. Bambancin yana cikin ƙarfen. Kamfanonin kirki suna faɗin irin alminiyam ɗin da suka yi amfani da shi, galibi 6061-T6 ko 7075-T6. Na farko yana jure ja har kusan megafaskal 310, na biyu kusan 570. Jabu kuwa sau da yawa narkakken ƙarfe ne aka zuba a mazubi, mai ƙananan ramukan iska a ciki, wanda ba ya lanƙwasa ya yi gargaɗi, sai dai ya ɓalle lokaci guda.

Farashi yana tona asiri. Na ainihi daga sanannen kamfani yakan fara daga wajen dala 100 zuwa sama. In aka ga mai tambari iri ɗaya a ƙasa da dala 30, to kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Akwai ma'aunin da za a nema. Gidauniyar SFI ta Amurka tana da ƙa'ida mai lamba 42.1 musamman domin makullin cire sitiyari, kuma hukumomin tsere irin NHRA suna neman ta. Ba kowane samfurin kamfani ke da ita ba, sai wanda aka gwada. Tunda sitika ma ana buga na jabu, abin yi shi ne a duba jerin kamfanonin a shafin SFI, a kuma nemi sunan mai sayarwa a jerin dillalan da kamfanin ya amince da su.

Wani tarko na musamman ga masu wasan kwamfuta: sitiyarin wasannin tsere na Fanatec da Moza da Simagic suna da nasu kwik-rilis, kuma da yawa suna amfani da tsarin milimita 70 ɗin nan. Sukuru za su shiga, amma an ƙera su ne don injin da ke kan tebur, wanda ko mafi ƙarfinsa bai wuce Nm 25 zuwa 35 ba, ba don nauyin mutum a lokacin karo ba.

Ko ƙwararru yana kuɓuce musu

A watan Maris na 2016, a filin tsere na Phoenix da ke jihar Arizona, Jimmie Johnson, wanda a lokacin ya ci kambun NASCAR sau 6, ya daki bango a zagayen neman gurbi bayan sitiyari ya fito a hannunsa. Bayan makonni kaɗan, a watan Mayu, sitiyarin Dale Earnhardt Jr. ya cire a Talladega, har sai da ya kama sandar da hannu ya riƙe motar. Kayansu ba jabu ba ne, kuma suna da injiniyoyi a kewaye da su. Makullin ne bai gama zama ba.

Darasin da direbobin tsere suka riƙe shi ne: duk lokacin da aka mayar da sitiyari, a jawo shi da ƙarfi da hannu biyu, a murza dama da hagu, kafin mota ta motsa. Jin ƙara kaɗai bai isa shaida ba.

Wurin ɗaurawa

Aikin na makanike ne da ya san wayarin jakar iska. Ana miƙe tayoyi tukuna. Ana cire kan batir a jira, domin kwamfutar jakar iska tana riƙe wuta na ɗan lokaci: littattafan gyaran Toyota suna cewa aƙalla daƙiƙa 90, na Honda minti 3. Jakar da aka cire ana ajiye ta fuskarta na kallon sama. Babban notin tsakiya ana ɗaure shi da sifana mai auna ƙarfi daidai da littafin motar. Ƙananan sukuru su kasance masu tsawon da ya dace, a sa musu ruwan hana kwancewa, a sake duba su bayan 'yan kwanaki. Sitiyarin asali da jakarsa a adana su don ranar da za a mayar.

Game da hana sata, kada a dogara da shi sosai. Kwik-rilis da yawa suna shiga junansu, don haka ɓarawon da ya zo da nasa sitiyarin zai iya tafiya da mota. Akwai murfi mai makulli da ake rufe bakin da shi, yana taimakawa, amma na'urar bibiya ta GPS da makullin feda suna wannan aiki ba tare da an taɓa jakar iska ba.

Wa ya dace ya saya?

Motar da aka ware don tsere ko dirif a rufaffen fili, mai keji da kujerar tsere da cikakken bel, tana buƙatar kwik-rilis, kuma mai haƙora da ya cika ƙa'idar SFI ko FIA ya fi dacewa da ita. Tsohuwar motar da ba ta zo da jakar iska ba, mai ita bai rasa kariya ba in ya saka, muddin ya sami hob na motarsa da makulli na ainihi mai maɓallin tsaro.

Motar da ake zuwa aiki da ita, ake kai yara makaranta, ake hawa titin Kaduna zuwa Kano, ita ce ba ta dace ba. Mai son sitiyari mai kauri ko fata mai laushi zai iya kai na asali a sake masa sutura, jakar iska na nan a wurinta. Mai son jin ƙas ɗin nan kuwa, sitiyarin wasan kwamfuta zai ba shi shi a ɗaki, inda mafi munin haɗari shi ne a sake fara wasa.